Cowrywise da tsarin ajiyarsa na halal: ga wa ya dace?

Ni malamar makaranta ce a Kaduna, kuma duk mai cin albashi ya san ranar da alat ya shigo ita ce ranar da kowa yake tunawa da kai. Ga ankon biki, ga gudummawar suna, ga ƙanen da kuɗin jarrabawarsa bai cika ba. Duk hakki ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma muddin kuɗin yana hannunka ba za ka iya duban idon ɗan'uwa ka ce babu ba, ko da kuɗin hayar gida ne kake tarawa.

Abin da ya sa nake amfani da Cowrywise ke nan. Manhaja ce ta waya, Razaq Ahmed da Edward Popoola suka kafa ta a Legas a 2017, tana kuma da lasisin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari a Najeriya. Za ka yi rajista da BVN, ka haɗa katin bankinka, ka faɗi nawa za a riƙa cira, kullum ko duk mako ko duk wata, sannan ka zaɓi ranar da za a sakar maka kuɗin. Ni na sa cirar ta faɗo daidai da ƙarshen wata. Kafin in fara lissafin cefane an riga an ɗauke na haya, abin da ya rage shi ne nawa, a kansa nake tsara wata.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne tsarin da suke kira Halal. Ba a ɗora maka kuɗin ruwa; abin da ka zuba shi za ka ɗauka. Mata da yawa a ɗakin malamanmu tsoron riba ne ya hana su kusantar irin waɗannan manhajoji, shi ya sa suka tsaya a kan adashi. Ba na kushe adashi, da shi iyayenmu suka yi mana kayan ɗaki. Sai dai adashi yana tafiya ne da amanar mutum goma, ɗaya ta makara kowa ya ji a jikinsa. A nan babu wadda nake jira, babu wadda ta san ranar ɗaukata balle ta zo rance.

To amma a kula da abu ɗaya, don shi ne babba. Kuɗin da yake kwance ba ya ƙaruwa, kasuwa kuwa ba ta jira. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Wanda ya kulle kuɗin ragon layya shekara guda a irin wannan yanayi zai ɗauki kuɗinsa cif, amma ba lalle su sayi ragon da ya hango ba. Don haka ni abin da ke da ranar biya nan kusa nake sa wa: haya, kuɗin makarantar yara, kayan Sallah. Abin da zai daɗe, gara a duba asusun zuba jari na halal irin na Lotus Capital, ko sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, bayan mutum ya karanta sharuɗɗan ya gamsu.

Kullewar ma da gaske ce. Kada ka zuba har da kuɗin asibiti, wannan ya zauna inda hannu zai kai cikin dare.

Babban abin da nake fata su gyara shi ne harshe. Komai da Turanci yake. Mai sayar da ƙosai a layinmu ta fi ni iya tattali, kullum sai ta ware wani abu, amma sai ta sami wanda zai karanta mata kafin ta taɓa manhajar, kuma ba kowa ake nuna wa sirrin kuɗi ba. Ga mai albashi ko ɗan kasuwa da ke iya karantawa da kansa, ina ba da shawarar ya fara da kaɗan na wata uku, ya ga ko ragowar kuɗin yana kai shi ƙarshen wata kafin ya ƙara.