Navidrome ko Jellyfin: wacce ta dace da tsohuwar laftof da tarin waƙoƙin gida?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da tsohuwar laftof a ajiye, da tarin waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da ka daɗe kana tarawa, kana so ka mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli tana tura wa sauran na'urori, ta yadda kai da iyali za ku riƙa saurare ta waya, a gida da waje. An ba ka sunayen manhajoji biyu masu wannan aiki, Navidrome da Jellyfin. Ka gwada Jellyfin, waƙoƙin suka fito a hargitse, kuma da zarar ka bar gida wayar ta daina ganin sabar.

In sauti zalla za ka ɗora, Navidrome nake ba ka shawara. In akwai fina-finai da bidiyon biki da kake so su hau talabijin, zauna a kan Jellyfin. Sai dai matsalolin nan biyu da ka ambata za su bi ka ko wacce ka koma, don ba daga manhajar suke ba.

Dukansu kyauta ne, kuma babu wacce ke buƙatar ka buɗe asusu a wani kamfani kafin ka shiga kayanka. Wannan ne ma ya sa ban sa Plex, wata manhaja irinsu, a lissafi ba: ita sai da asusu a shafinsu, kuma in intanet ta yanke tana iya hana ka shiga sabar da ke ɗakinka, sai in ka riga ka gyara saitin tun farko. Jellyfin ta samo asali ne a 2018, lokacin da wasu masu sa kai suka ɓalle daga manhajar Emby bayan an rufe lambobin gininta. An yi ta ne don fim da shirye-shiryen talabijin da waƙa da hotuna gaba ɗaya, shi ya sa take da nauyi. Navidrome kuwa ba ta san komai ba sai sauti, kuma abin da take ci na RAM bai taka kara ya karya ba, har a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi tana tafiya lafiya. A kan laftof mai RAM gigabait 4 za ka ji bambancin, musamman lokacin binciken fayiloli na farko, inda fankar za ta yi ta huci in Jellyfin ce.

Wajen girkawa Jellyfin ta fi sauƙi, wannan ba gardama. Ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin laftof ɗin da lambar ƙofa 8096, ta bi da kai mataki-mataki har ka nuna mata foldar waƙoƙi. Navidrome tana kan ƙofa 4533, amma inda waƙoƙin suke sai ka rubuta mata a fayil ɗin saiti mai suna navidrome.toml, ko a cikin umarnin Docker, in da wannan manhajar girke-girke ka girka ta. Layi ɗaya ne, kada ya ba ka tsoro. Wanda ya fara buɗe shafin shi ne zai zama shugaban sabar, don haka ka buɗe da kanka kafin ka ba yara adireshin.

Yanzu hargitsin waƙoƙi, wanda a nan ne bambancinsu ya fi fitowa. Jellyfin tana so kowane kundi ya kasance a foldarsa shi kaɗai. In ka zuba fayil ɗari biyar na mawaƙa daban-daban a folda guda, za ta ɗauke su kundi ɗaya ne, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Navidrome ba ruwanta da tsarin folda. Bayanan da ke rubuce a cikin fayil ɗin kansa take karantawa, waɗanda ake kira tag: sunan mawaƙi, sunan kundi, lambar waƙa, shekara. To mu kuma yawancin tarinmu daga ina ya fito? Daga shagon masu tura waƙa a memori, da Bluetooth, da WhatsApp. Fayil ne mai suna irin AUD-20190812-WA0003.mp3, cikinsa fayau, ko kuma a gurbin sunan mawaƙi an rubuta sunan shafin da aka sauke shi. Irin waɗannan Navidrome za ta tara su duka a ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba. Waɗanda ke da suna ma, in wannan an rubuta Mamman Shata, wancan Dr. Mamman Shata, na uku Alhaji Mamman Shata Katsina, mutum uku za ka gani a jeri.

Maganin aikin hannu ne, kuma ya cancanci wahalar. Manhajar MusicBrainz Picard tana iya gane waƙa daga sautinta ta cike bayanan da kanta, kuma tana aiki sosai a kan waƙoƙin Turai da na Indiya. Tsofaffin waƙoƙinmu da aka kwafo daga kaset kuwa da yawa babu su a rumbunta. Don su, manhajar Mp3tag ta fi: ka zaɓi fayil hamsin lokaci guda ka rubuta musu suna ɗaya. Ka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane mawaƙi, kada ka sauya. Ka cike gurbin Album Artist, domin da shi Navidrome ke haɗa kundi, kuma rashinsa ne ke sa kundi ɗaya ya tsage gida-gida in akwai waƙar haɗin gwiwa a ciki. Karatun Alƙur'ani ka sa sunan alaramma a gurbin mawaƙi, lambar sura a gurbin lambar waƙa, sai su jeru daga 1 zuwa 114 ba tare da Baƙara ta koma bayan Nasi ba. Sannan ka ajiye tag ɗin a tsarin ID3v2.3 mai UTF-16 ko ID3v2.4 mai UTF-8. Tsohon tsarin ID3v1 bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga Ɗanƙwairo ya koma alamun tambaya. Ba Jellyfin ba, ba Navidrome ba, duk wacce ka ba tarin da aka gyara haka za ta nuna shi tsaf.

Rashin ganin sabar daga waje kuwa, kusan tabbas daga layin intanet ɗinka ne. In da rautar SIM kake amfani, kamfanonin waya galibi suna haɗa kwastomomi masu yawa a kan adireshi ɗaya na waje, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofar zaure ɗaya: wanda ya zo daga waje zai iske gidan, amma ba shi da hanyar sanin ɗakinka. Duba shafin rautarka, in adireshin da kamfani ya ba ta ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to buɗe ƙofa a rauta ba zai yi komai ba. Girka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya, a laftof da wayoyin, ka shiga da asusu ɗaya, sai ka yi amfani da adireshin da ta ba laftof ɗin. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, tana aiki da manhajojin biyu, kuma ta fi aminci a kan barin saba a buɗe ga duk duniya.

A waya, Jellyfin tana da manhajarta, amma don waƙa Finamp ta fi ta, kuma tana sauke waƙoƙi a ajiye. Navidrome ba ta da tata, tana magana ne da harshen Subsonic, tsarin da manhajojin waƙa da yawa ke ganewa, don haka zaɓi ya yi yawa: Ultrasonic kyauta a Android, Amperfy a iPhone, ko Symfonium wadda ake saya kuma tana haɗuwa da sabobin biyu. Ka kula da data. Sa'a ɗaya ta MP3 a kan 128 kbps kusan megabait 58 ce, a kan 320 kbps kuwa 144, FLAC kuma, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, tana iya haura 300. Sabobin biyu suna iya matse waƙa kafin su turo, da taimakon manhajar sauya sauti mai suna ffmpeg. Jellyfin tana zuwa da nata, Navidrome kuma in ba ta Docker ka girka ba sai ka tabbatar yana nan. Fayilolin WhatsApp da dama can a matse suke, kada ka ƙara matse su, sauti zai lalace a banza. Abin da ya fi komai sauƙi shi ne ka sauke abin da za ka saurara tun kana kan waifan gida.

Laftof ɗinka tana da wata fa'ida da Raspberry Pi ba ta da ita: batir. Ɗaukewar wuta yayin da saba ke tsakiyar adana bayanai tana iya lalata rumbun bayanan kowacce daga cikinsu, don haka in batirin na riƙe ko da minti ashirin ne, ka yi sa'a. Ka hana ta barci in an rufe murfi. A Windows saitin yana wajen wuta da batir, a Linux kuma HandleLidSwitch=ignore ne a fayil ɗin logind.conf. Ka kuma sa rauta ta riƙe mata adireshi ɗaya dindindin, don sau da yawa in wuta ta dawo waya ta kasa haɗuwa, adireshin ne ya sauya. In waƙoƙin suna kan faifan waje, ka tabbatar yana hawa da kansa bayan kunnawa, in ba haka ba sabar za ta tashi ta tarar da folda babu komai.

Tafsiri da wa'azi masu tsawon sa'a biyu kuwa, waɗanda kake so ka ci gaba daga inda ka tsaya jiya, wata manhajar saba mai suna Audiobookshelf ce ta dace da su, kuma za ta zauna a laftof ɗaya da Navidrome ba tare da rigima ba. In ka girka Navidrome ta gama bincike ta nuna sifili, duba rahotonta. In ka ga permission denied, izinin karanta foldar ne ba ta da shi, sai ka turo mana layin mu duba tare.