Garejin da anka gyara min silon Hilux ɗina a Jega

Salam 'yan uwa. Mutum biyu sun tambaye ni ina na kai tsohuwar Hilux ɗin nan tawa har ta bar mutuwa bisa hanya, shi ne na ce bari in rubuta kowa ya gani. Mai injin 22R ce, fetur, mai kafireta, ta girme yaran garejin gaba ɗaya. Albasa nake ɗauka da ita daga Aliero zuwa Birnin Kebbi.

Silo ne ya lalace, wato yadda injin ke aiki a hankali in ba ka taka totur ba. In ta tsaya sai ta kama rawa kamar mai masassara, sitiyari na kaɗawa, kana ɗaga ƙafa daga totur ka taka kuloci shikenan ta mutu. Ran nan wajen Kalgo sau uku tana yi min haka da kaya a baya, masu mashin na ta zabga min hon. Ga wata ƙara da safe daga gaban injin, kar-kar-kar, kamar ana jan sarƙa cikin kwano.

Bakaniken da na fara zuwa wurinshi fulogi ya sake min har sau biyu, ya murɗa silo ya yi sama, mota ta koma shan mai kamar raƙumi ga fetur da tsadar nan tun da anka cire tallafi a 2023. Ƙarshe ya ce ringin fistin da ke cikin injin ne, sai an sauke injin. Nan na ce a'a, bari in ƙara jin bakin wani.

Wani direba ya kwatanta min wani dattijo a Jega, bayan tasha. Abin da ya fara burge ni wallahi bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Yaushe take mutuwa, da sanyi ko in ta yi zafi? Ina kake shan mai? Na ce Baba wani lokaci wurin 'yan bumburutu, ya yi dariya kawai. Ya sa na tada ta, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya zare injin ya ƙara faɗuwa, ya ce to duk huɗun suna aiki. Ya kwance fulogin ya nuna min bakinsu fari fat a bushe, ya ce ɗana da ringi ne da ka gansu jiƙe da baƙin mai, wagga motar iska take sha fiye da fetur.

Sai ya ɗauko abin fesa na wankin kafireta yana fesawa kaɗan kaɗan jikin tiyo-tiyon da ke kewaye, yana zuwa kan tiyon da ya tafi wurin birki sai injin ya canza murya nan take. Ya lanƙwasa shi, ga tsaga nan ta ƙasa inda ido bai gani, robar ta bushe ƙamas. Ta nan iska ke satar shiga. Filtar mai kuma da munka zazzage ta cikin gwangwani, tsatsa da ruwa ne kwance, jet ɗin silo, ɗan ramin da fetur ke bi cikin kafireta, ya toshe rabi. Iska ya hura mishi, wani yaronshi ya kawo waya zai zura ya daka mishi tsawa, wai waya na buɗa ramin.

Ƙarar kuma sukundireba doguwa ya kafa jikin injin ya ɗora kunne kan mariƙin, sama, gefe, gaba. Ya ce biyu ce, tafet, wato wurin bawul, na ɗan ƙara amma babbar taimin cen ce, sarƙar da ke gaban injin. Da ya buɗe murfin sama ya haska tocila na leƙa da idona, robar da ke riƙe sarƙar ta karye, sarƙa na dukan ƙarfe har ta fara yi mishi zane. Ya ce in anka bar ta cinye murfin gaba za ta yi har ruwan lagireto ya haɗu da baƙin mai, lokacin ne za ka san kashe kuɗi. Anka sake sarƙa da robobin, anka kwance tukunyar baƙin mai da ke ƙasan injin anka kwashe gutsattsarin, ya saita bawul injin na da zafi, tazarar milimita 0.20 ga bawul na shiga, 0.30 ga na fita.

Amma fa sai kana da haƙuri. Kwana biyu ya ce min, sai da ta yi huɗu, waya kuma ba ya ɗauka ko ka kira sau goma. Wurin zama babu, benci ɗaya ne gindin dogon yaro, yaran kuma sun ɓata min kujera da giris. Kaya kai za ka sawo da kanka, sarƙar farko da na kawo ya juya ta a hannu ya ce mayar, jabu ce, sai da na sake komawa kasuwa cikin ranar nan. Masu sababbin motoci kar ku wahalar da kanku, shi da bakinshi yake cewa a kai wa masu kwamfuta.

Kuɗin hannu bai tsauwala ba, bai kai rabin abin da anka yanka min na sauke injin ba. Sati uku kenan, silo na zaune lafiya lau, ko kofin shayi ka aza bisa bonet ba ya zuba. Tana ɗan yin hayaƙi da safe in an tada ta, Baba ya ce robobin bawul ne, in kawo ta in albasa ta ƙare.