Mafarautan Sakkwato, a yi hattara da masu tallar madubin bindiga a waya

Jama'a, tun shigowar rani akwai wasu da ke bin zaurukan WhatsApp na mafarauta da shafukan Facebook suna tallar madubin hangen nesa na ɗaurawa a bindiga. Hoto tsaf, kwali ɗauke da tambarin Leupold ko Vortex ko Bushnell, farashi kuwa kamar tsintuwa. Za su ce kayan ta Ƙwanni suka shigo, suna ajiye a Illela, ka turo rabin kuɗi kafin alƙalami a ba direba ya kawo maka tasha. Kana turawa sai a ce kwastan sun riƙe, a ƙaro na warwarewa. Daga nan lamba ta daina shiga.

Wanda kaya suka iso hannunsa ma bai tsira ba. Galibi madubin bindigar wasa ne aka manna wa suna. Ka saita shi yau, harbi biyu ko uku girgizar bindiga ta warware cikinsa, saiti ya gudu, ka nufi gada harsashi ya tafi wani wurin, alhali dajin akwai makiyaya da masu itace. Na ƙwarai ana cika shi da iskar naitirojin a toshe, don kada ya yi hazo ko ƙura ta shiga. Jabu kuwa hunturu ɗaya ya ishe shi. Sannan madubin kirki yana ba ka cikakken hoto idonka na nesa da shi kamar inci 3 zuwa 4. Wanda sai ka manna ido, ranar da bindiga ta yi tokari girarka zai fasa.

Kada lambobi su ruɗe ka. 3-9x40 da ake rubutawa a jikin madubi na nufin yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba milimita 40. Shi ke nan. Kuma mai adaka ko mai baki biyu ta harbin zabi, me zai yi da ninki 9? Leupold a jihar Oregon ta Amurka ake haɗa madubin bindigarsu, kowanne da lambarsa ta shaida da za a iya tambayar kamfanin a kanta. Nemi hoton lambar, za ka ga an fara kame-kame.

Babban tarkon shi ne idan suka yi ƙasa da murya suka ce "kayan sojoji ne, na ganin dare ne". Da gangan suke faɗa, don sun san wanda ya biya kuɗin irin wannan ba zai iya zuwa caji ofis ba. Na'urar ganin dare sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake shigo da ita, ita kanta bindigar sai da lasisi. A halin da gabashin jihar nan ke ciki, a tsayar da kai a shingen bincike da irin wannan kaya, bayani zai yi maka tsawo.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa da lambar asusun, ya kuma sanar da Sarkin Baka na yankinsu don a faɗa wa sauran.