Motocin ziyara a Madina: inda suke biyan buƙata da inda suke cinye lokaci

Da an idar da sallar Asuba a Masallacin Annabi (SAW), za ka ji direbobi a bakin otal-otal suna kiran "ziyara, ziyara". Motocin iri uku ne. Akwai babbar bas ta kamfanin da ya kawo ka, wadda yawanci kuɗinta na cikin kuɗin kujera. Akwai ƙaramar bas da ake cikawa da duk wanda ya zo, kowa ya biya nasa. Sai kuma shata, wato ku ɗauki mota ku kaɗai. Hanyar kusan ɗaya ce: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini da Handaƙ, cikin awa uku zuwa huɗu. Inda suka bambanta shi ne yadda ake raba waɗannan awannin.

A Ƙuba ne babbar bas ta fi cutar fasinja. Mutum hamsin za su sauka, a ce musu minti ashirin, rabinsu kuma ba su da alwala, sai lokacin ya ƙare a layin banɗaki. Alhali hadisin da ya yi maganar ladan Umara ga mai salla a Masallacin Ƙuba cewa ya yi mutum ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo ya yi salla. Don haka yi alwalarka tun daga masauki. Mai ƙarfin ƙafa ma ba ya buƙatar mota: akwai hanyar masu tafiya a ƙasa daga Harami, wato Masallacin Annabi (SAW), zuwa Ƙuba, kimanin kilomita 3, tafiyar minti arba'in zuwa hamsin da sanyin safiya ko bayan Isha'i. Ranar Asabar cunkoso ya fi yawa, domin ita ce ranar da Annabi (SAW) ya saba zuwa.

Uhudu, kimanin kilomita 5 arewa da Harami, shi ne wurin da ya cancanci awa guda, amma da wuya a ba ka rabinta. Ana tsayawa a bayan shinge a yi sallama ga Sayyidina Hamza, Mus'ab bin Umair da sauran shahidai, su 70, na yaƙin shekara ta 3 bayan Hijira. Daga nan hau ƙaramin dutsen maharba, hawan 'yan mintuna ne. Sai ka tsaya a samansa za ka gane dalilin da aka ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, da yadda Khalid bin Walid ya zagayo da dawakai bayan yawancinsu sun sauka. Direba ba zai yi maka wannan bayani ba. Sana'arsa tuƙi ce. Ayarin da babu malami a cikinsa hoto kawai yake ɗauka ya dawo. Kuma a nan aka fi ɓata, saboda bas-bas ɗin kamar an yi su rana ɗaya. Ɗauki hoton lambar motarku kafin ka matsa, ka riƙe katin otal a aljihu.

Ƙiblataini, wato masallaci mai alƙibla biyu, da Handaƙ ba sa cin lokaci. Tsohon mihrabin da ke kallon Ƙudus an cire shi a gyaran masallacin, ramin Handaƙ kuma ya daɗe da cikewa, masallatai ne kawai a gindin dutsen Sal'u.

To ina sauran lokacin ke tafiya? Gonar dabino. Kusan kowace mota tana da "gonar" da take kai mutane, wadda a zahiri shago ce mai 'yan bishiyoyi a baya, kuma direba na da lada a kan abin da aka saya. A nan babu mai cewa minti ashirin. Ajwa, safawi da mabrum duk suna kasuwannin dabino na cikin gari, inda za ka ɗanɗana a shago uku kafin ka yi ciniki. Wasu kuma za su tallata maka "kwarin aljanu" a wajen gari, inda mota ke tafiya da kanta an kashe inji. Gangare ne da ido ke gani kamar hawa, ba aljani ba maganaɗisu. Wurin shan iska ne, kada a sayar maka da shi da sunan ibada.

Garuruwan kewaye sai da shata. Badar na da nisan kusan kilomita 150 kudu maso yamma, kusan awa biyu, a kan hanyar da ta bi ta rijiyar Rauha. A can akwai maƙabartar shahidai 14 na ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2, da allon sunayensu, da Masallacin Arish a inda aka kafa wa Annabi (SAW) rumfa. Karanta Suratul Anfal kafin ka tafi. Gaɓar kwari ta kusa da ta nesa da aya ta 42 ta ambata, da idonka za ka gan su. Ku tashi bayan Asuba, domin da bazara zafi na wuce digiri 40 kuma inuwa kaɗan ce. Wanda ya kai har Yanbu don cin kifi a bakin Bahar Maliya, ya sani Azahar da La'asar ba a Harami zai yi su ba. Khaibar na arewa, nisanta ya ɗan fi na Badar. Al-Ula kuwa ta haura kilomita 300, kuma shiga Hijir, garin Samudawa, sai da tikitin da aka yanka tun da wuri, ba a shiga da motar haya. Duk direban da ya ce zai kai dattawa can ya dawo da su a yini ɗaya ba tare da wahala ba, kuɗinku yake so.

Kafin a shiga shata, a gama magana a kan abu huɗu: kuɗin na mota ne ko na kowane mutum, wuraren da za a tsaya, mintuna nawa a kowanne, da cewa babu shagon dabino. A riƙe rabin kuɗi sai an dawo. Ana samun direbobi masu jin Hausa, jikokin mahajjatan da suka zauna can tun da daɗewa, kuma ciniki da su ya fi sauƙi ga wanda ba ya Larabci.

Abu biyu ba sa cikin ziyarar mota ko kaɗan. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, maza da mata kowa da lokacinsa. Maƙabartar Baƙi'a kuma na jikin Harami, ana buɗe wa maza bayan Asuba da bayan La'asar.

Ranar tafiya Makka, bas na tsayawa a miƙatin Zul-Hulaifa, wanda direbobi ke kira Abyar Ali. Jirgin ƙasa na Haramaini, mai cinye kilomita 450 cikin kimanin awa biyu da rabi, ba ya tsayawa a can. Mai tikitin jirgi ya yi wanka ya ɗaura harami tun daga masauki, ko ya sa tasi ta fara kai shi miƙati kafin tasha, ya kuma ƙara awa guda a lissafinsa saboda wannan zagaye.