Akwatin koyon zaman duniyar wata: abin da na gani bayan mako shida da shi a gidana

Tun daren da aka fita duban jinjirin watan azumin bana ɗana mai shekara takwas ya ɗora mini wata tambaya da ta hana ni sakat. Cewa ya yi, idan mutum yana zaune a kan wata, wane wata zai duba kafin ya ɗauki azumi? Na yi dariya na ce masa ya bari sai gobe, amma gobe ta zo ta wuce tambayar tana nan, har ƙanwarsa mai shekara biyar ita ma ta kama ta. Saboda haka da na ci karo da tallar wani akwatin koyo na yara a Facebook, wanda aka ce yana nuna wa yaro yadda zaman duniyar wata zai kasance, ban tsaya dogon tunani ba na tura kuɗi. An sako shi a mota daga Legas, na karɓe shi a tasha a nan Birnin Kebbi bayan kwana huɗu. Ni malamin firamare ne, don haka da idon uba da na malami duk na dube shi.

Abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗinsa, wanda ya ɗara na takalman makarantar yaran biyu. Akwai ƙaramin littafi mai hotuna masu launi, da babban hoton wata na mannawa a bango, da kwalaye da aka zana domin a yanka a haɗa gida irin na 'yan sama jannati, da 'yar kwalbar gam. Gam ɗin ya iso a bushe ƙamas, sai da na aika aka sayo wani a bakin kasuwa. Kwalin kuma siriri ne, wanda idan yaro ya matsa da ƙarfi sai ya lanƙwashe. Littafin da Turanci aka rubuta shi, abin da mai tallar bai faɗa ba, don haka kowane shafi sai na karanta na mayar da shi Hausa kafin ƙaramar ta gane.

Shafin da ya fi kowanne cin nasara shi ne na nauyi. Ya bayyana cewa ƙarfin da wata yake jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na wanda duniya take ja da shi, kuma ya ce yaro ya hau sikeli ya raba nauyinsa gida shida. Muka ari sikelin maƙwabcinmu mai sayar da hatsi. Babban ya nuna kilo 24, muka raba ya zama kilo 4, sai ya tsaya yana kallona kamar na yi masa dabo. Daga nan shi da kansa ya ɗauko lissafin buhun shinkafa mai kilo 50, ya gano cewa a can bai fi kilo takwas da 'yan kai ba, ya ruga ya gaya wa uwarsa cewa a duniyar wata shi kaɗai zai sauke mata buhu daga kan babur. Shekara biyu ina fama da shi a kan lissafin rabawa, ban taɓa ganin ya neme shi da kansa ba sai ranar.

Shafin sauti ma ya yi kyau. Tun da babu iska a wata, babu abin da zai ɗauki murya daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro, shi ya sa masu zuwa can da rediyon da ke cikin hular kwanonsu suke magana ko da suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Yaran suka mayar da wannan wasa, suna zagaya tsakar gida suna motsa baki ba sauti. Gidan ya samu shirun da ya daɗe bai samu ba, ko da yake bai wuce minti goma ba.

Inda ni da littafin muka raba gari shi ne hotunansa. Mai zanen ya mayar da wata kamar wurin shaƙatawa: gidaje na gilashi tas a fili, yara suna leƙowa ta manyan tagogi, rana tana haskawa a hankali kamar hantsin hunturu. Ban ga inda aka gaya wa yaro cewa a yankin tsakiya na doron wata zafin rana yana kaiwa wajen digiri 120 a ma'aunin Selshiyos ba, alhali ruwa a nan duniya a digiri 100 yake tafasa, ko kuma cewa da dare sanyin yana sauka zuwa wajen digiri 130 ƙasa da sifili. Yaron da ya san zafin Afrilu a Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura 40 har mutane su kwana a waje, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane girman wannan lamba. Da na ce masa ya ninka zafin bazararmu sau uku, sai ya yi shiru, sannan ya tambaya ko a can ma ana sayar da ƙanƙara.

Haka nan littafin ya tsallake tsawon dare, wanda a ganina shi ne abu mafi ban mamaki a dukan lamarin. A mafi yawan sassan wata, rana takan yi kusan kwana 14 irin namu ba ta faɗi ba, sannan duhu ya yi wani kwana 14. Hoton ya nuna faifan sola a kan rufin gidan ya yi shiru da bakinsa. Ƙaramar ce ta kama shi, domin mu ma da sola muke rage dare idan an ɗauke wuta. Ta ce, “Baba, batirinmu ko asuba ba ya kaiwa, to su yaya za su yi da daren mako biyu?” Wannan tambaya ce da manyan injiniyoyi suke fama da ita, kuma tana cikin dalilan da suka sa hankalin masu bincike ya koma ƙuryar kudu ta wata, inda akwai wasu tuddai da hasken rana yake daɗewa a kansu, ga kuma ramuka masu zurfi a kusa waɗanda rana ba ta taɓa leƙa cikinsu ba. Kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-3 a wannan yankin na kudu ya sauka a watan Agusta na 2023.

Ranar da muka fi jin daɗin akwatin ita ce ranar da muka saɓa wa umarninsa. Bayan mun haɗa gidan kwalin, na bayyana musu cewa gidan gilashi a fili ba zai kare kowa ba, domin wata ba shi da iskar da za ta tare haskoki masu cutarwa daga rana, ko ta ƙone ƙananan duwatsun da ke faɗowa daga sama da gudun da ya fi na harsashi. Shi ya sa masu tsara gidajen can suke tunanin binne su da ƙasar wata mai kauri, ko su shiga da su cikin kogunan da narkakken dutse ya bari tun zamanin da. Babban ya ce, “Ashe irin ɗakin Kaka na Gwandu ne.” Gaskiyarsa, domin ɗakin soro na ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare, kuma magina a ƙasarmu sun san wannan tun kafin a ƙera kumbo. Muka kwaɓa laka muka lulluɓe gidan kwalin da ita, muka bar 'yar ƙofa ɗaya. Kwalin ya jiƙe ya ɗan zauna ta gefe guda, amma gidan ya fi kama da gaskiya fiye da wanda ke bangon akwatin.

Ƙura ma ba a ambace ta ko sau ɗaya ba, abin da ya ba ni mamaki. Mu da muke share ƙurar hunturu daga kan tabarma kowace safiya mun ɗauka mun san ƙura, amma tamu iska da ruwa sun goge mata kaifi. Ta wata babu abin da ya taɓa goge ta, don haka kaifi ne da ita kamar garin fasasshiyar kwalba, tana manne wa kaya, tana cinye su. Harrison Schmitt, masanin duwatsu da ya je wata a kumbon Amurka mai suna Apollo 17 a Disambar 1972, ya yi fama da atishawa da jan ido bayan ya shaƙe ta a cikin kumbo, kuma waɗanda suka je sun ce warinta kamar na albarushin da aka harba. Rashin iskar nan ne kuma ya sa sawun ƙafar da aka bari a can tun 1969 bai share ba. Ƙaramar ta buga ƙafarta a yashin ƙofar gida don ta gwada, kafin la'asar awaki sun tattake wurin.

A kan ruwa da abinci littafin ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya faɗi cewa akwai ƙanƙara a ramukan nan masu duhu, abin da wani kumbon hukumar NASA ta Amurka ya tabbatar a 2009, kuma ya ce ana iya narka ta a sha, ko a raba ta a fitar da iskar shaƙa. Ya kuma faɗi cewa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ana tace gumi da fitsari su koma ruwan sha. A nan yaran suka yi ta kakarin amai, uwarsu kuma daga madafa ta ce ita dai a bar ta da ruwan randarta. Na ƙara musu da labarin irin audugar da kumbon Sin mai suna Chang'e 4 ya kai bayan wata a Janairun 2019 cikin rufaffen gwangwani, ya tsiro, sannan sanyin dare ya kashe shi. Labarin wannan ɗan tsiro ya taɓa su fiye da hoton lambun tumatir ja wur da littafin ya zana.

Wani giɓin da ya dame ni a matsayina na malami shi ne babu suna ko shekara ko ɗaya a cikinsa. Yaro zai gama karatun bai san cewa Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun taka wata a Yulin 1969 ba, bai san cewa mutum 12 ne kacal suka taɓa taka shi ba, kuma babu wanda ya daɗe a can fiye da kwana uku da 'yan sa'o'i. Wannan yana da muhimmanci, domin shi ne zai nuna wa yaro cewa zaman wata abu ne da ba a yi ba tukuna, ziyara kawai aka kai. Nisan ma, kusan kilomita 384,000, tafiyar kwana uku a kumbo, ni na ƙara shi. Da Inna, mahaifiyata, ta zo mana ziyara, ta ce ta ji labarin a rediyo a lokacin yaƙin basasa kuma har yau ba ta yarda ba. Jikan ya nuna mata bidiyon a wayata, ta kalla har ƙarshe, ta ce, “To, Allah ne masani, amma kai dai ba za ka je ba.” Na gaya mata cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa wata a Disambar 2022, sai ta ce a fara gyara hanyar ƙauyensu.

Tambayar azumin da ta jawo sayen akwatin kuwa, littafin bai san da ita ba, domin ba don yaranmu aka rubuta shi ba. Da tocila da lemo guda muka warware rabinta a ɗaki mai duhu. Na nuna musu cewa wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma zagayen da yake yi daga jinjiri zuwa jinjiri kusan kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu na Musulunci yake yin 29 ko 30. Fuska ɗaya yake nuna mana kullum, don haka wanda ke zaune a wannan fuskar zai ga duniya a rataye a baƙin sama kusan a wuri ɗaya, faɗinta ya kusa ninka na farin watan da muke gani sau huɗu, tana cika tana raguwa kamar yadda shi yake yi mana. Ɗaya rabin tambayar, wato hukuncin azumi da alƙibla, na ce su kai wa malaminsu na Islamiyya. Abin da kawai na faɗa musu shi ne malaman Malesiya sun taɓa rubuta wa ɗan sama jannatinsu jagorar ibada lokacin da ya tafi tashar sararin samaniya a cikin azumin 2007.

Ga uban da yake son abin da zai miƙa wa yaro ya koma harkarsa, wannan akwati asarar kuɗi ce, domin yaro ɗan shekara biyar zai yage kwalin a yini ɗaya ya tashi da hoton ƙarya a kansa. Wanda yake da halin zama da yaransa bayan sallar isha'i, ya fassara, ya gyara kuskure, ya cike giɓi, zai ci moriyarsa, musamman ga 'yan shekara bakwai zuwa tara. Na kai babban hoton bangon ajina na mako ɗaya, kuma shi kaɗai ne abin da ban samu aibunsa ba, domin an buga shi da kyau, ramukan suna fitowa sarai. Gidan lakar yana nan a kan taga, ya tsattsage saboda zafi, babban kuma ya fara tara kuɗin tara a asusun gwangwani, wai madubin hangen nesa zai saya kafin watan Babbar Sallah ya tsaya.