Wata goma da kifi mai sulke a akwatin gilashina

Wata goma ke nan da na sayi kifin da ake kira pleco a hannun wani ɗan kasuwa mai kawo kifayen ado daga Kano zuwa nan Damagaram. Jikka biyu na biya, lokacin tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ce mini kifin mai shara ne, zai riƙa lashe gansakukar gilashi, kuma ba sai an ba shi abinci ba. Rabin maganar ce kawai gaskiya.

Dangin tarwaɗa ne na nesa, amma asalinsa kogunan Amurka ta Kudu, musamman Amazon. Inda tarwaɗarmu take da santsi, shi jikinsa rufe yake da ƙasusuwa jere-jere kamar sulke, bakinsa kuma yana ƙasa, da shi yake mannewa a jikin dutse ko itace don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Da rana yakan ɓuya ƙarƙashin guntun itacen da na sa masa, sai bayan isha'i yake fitowa kiwo.

A zafin watan Afrilu na ga juriyarsa. Wuta ta ɗauke tun azahar, injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya, ƙananan kifayena biyu suka mutu, shi kuwa sai ya riƙa tasowa yana haɗiyar iska yana komawa ƙasa, domin tumbinsa yana iya zuƙar iskar oksijin. Sanyin hunturu ne ya fi damunsa, tun da ruwa mai ɗumin digiri 23 zuwa 28 yake so.

Inda raina ya ɓaci shi ne batun abinci. Da gansakuka ta ƙare, cikinsa ya lotsa, sai da na fara nutsar masa da yankan kokwamba da kabewa ya murmure. Kashinsa yana da yawa, dole a canza wani kaso na ruwan kowane mako, kuma kowa ya san tsadar ruwa a garin nan. Yanzu ya kai santimita 20, irinsa kuwa yana iya wuce 40.

Wanda akwatinsa bai kai lita 300 ba, ba na ba shi shawarar saye. Wanda ya riga ya saya kuma, ina roƙonsa kada ya zuba shi a tafki in ya gaji da shi, domin a Filifin da Mekziko haka aka yi, kifin ya yaɗu yana haƙa ramuka a gaɓa yana yayyaga ragar masunta. Nawa dai na ba da aikin babban akwati saboda shi.