Hawan jinin da ya ƙi jin magani: ƙwaya ko tiyata?

Idan Baba yana shan maganin hawan jini kala uku amma awo ya ƙi sauka, ga kasala da yawan tashi fitsari da dare, a sa a duba masa wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda. Su ne ke fitar da sinadarin aldostiron, wanda in ya yi yawa sai ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, ta kuma zubar da sinadarin fotasiyam a fitsari. Wani likita ɗan Amurka, Jerome Conn, shi ya bayyana wannan cuta ta yawan aldostiron a 1955.

Kada kuɗin farko ya tafi wajen hoton ciki. Gwajin jini ne a gaba: fotasiyam da kiriyatinin (mai nuna yadda ƙoda ke aiki), sai awon aldostiron da renin (wani sinadari da ƙoda ke fitarwa), wanda sai an shiga birni. Likitocin asibitin Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse za su faɗi inda ake yi. Fotasiyam ya fito daidai ba ya wanke mutum, don da yawan masu cutar nasu daidai yake.

In an tabbatar, hanya uku ce: ƙwayoyi biyu masu daƙile aikin aldostiron, ko tiyata. Spironolactone shi ne mai arha, kuma ba ya wuyar samu. Akan fara da miligiram 12.5 zuwa 25 a rana. Aibinsa, yana kumbura wa namiji nono, yana rage masa kuzarin iyali, mace kuma yana iya rikita mata al'ada, ba a kuma so mai ciki ta sha. Magidanci kan ji kunyar faɗa, ya ajiye maganin a ɓoye, gara ya gaya wa likita. Eplerenone ya fi sauƙi ta wannan fanni, sai dai tsada, ga wuyar samu, kuma yawanci sau biyu ake sha a rana. Wanda zai yi ta yanke shansa, ban ga amfanin ya fara shi ba.

Tiyata ta mutumin da gefe ɗaya ne kawai ke ɓarnar. A cire halittar da ke saman ƙodar wannan gefen, fotasiyam ya daidaita, jini ya sauka, ko da yake wasu ba sa rabuwa da ƙwaya gaba ɗaya. Kuɗi ne mai kauri a tashi ɗaya, amma ga matashi manomi da ke nesa da asibiti, ni ita nake fifitawa. In duka biyun ne, babu zancen wuƙa.

Sai maganar ƙoda, wadda ita ke tsorata mutane. Yawan aldostiron yana sa ƙoda tacewa fiye da kima, sai awo ya nuna lafiya alhali ɓarna na ciki. Da an fara magani ko an yi tiyata, kiriyatinin kan ɗan hau. Galibi tsohuwar ɓarnar ce ta fito fili, likita ne zai tantance. Haɗarin gaske ga mai shan ƙwayar shi ne awon fotasiyam ya haura 5.5, musamman ga dattijo mai raunin ƙoda, don yana iya taɓa bugun zuciya. Saboda haka a lissafa kuɗin mota da na gwaji cikin farashin ƙwayar: akan sake awo cikin makonnin farko, sannan lokaci-lokaci.

Duk wanda aka zaɓa, a rage gishiri da dunƙule da kanwa, a bar sayen diclofenac da ibuprofen a kemis. In gudawa ko amai suka kama shi, ko zai yi azumi a tsakiyar bazara, a tuntuɓi likita kafin ya ci gaba da shan ƙwayar.